Irin Waken Mama Loreta

Na sauka birnin Niyok na Amurka a ƙarshen shekarar 1997 da kwat ɗaya ta gwanjo, da bizar da na ci a caca, da wani girman kai wanda har yau ban san inda na samo shi ba. A gida dai ban gaje shi ba. Sunana Lawali. Baba manomi ne a 'Yandoto ta ƙasar Tsafe, Inna kuma 'yar manoman Furfuri ce, ta duk inda ka ɓullo mini fartanya za ka tarar. Amma shekara guda da na yi a Damba ta Gusau gidan kawuna, ina aikin akawu na wucin gadi lokacin da aka ƙirƙiro jihar Zamfara, ta isa in fara toshe hanci idan na je gida na tarar ana fitar da taki. A ofishin nan ɗan ƙauye ake kirana, wai ko biro na riƙe sai ka ce shuka zan yi da shi. Ana dariya ina dariyar dole. Tun a lokacin na yi wa kaina alkawari, duk inda Allah ya jefa ni nan gaba ba mai sake sanin hannun nan ya taɓa ƙasa.

Zangon farko, hannun wani Ɗanlami na faɗa, mutumin da abokin Kawu ya ba ni adireshinsa. Ya tarbe ni da fara'a, ya kira ni ƙanensa, ya karɓi takarduna ya ce zai adana mini saboda ɓarayi. Washegari ya kai ni wurin wankin mota. Wata huɗu na yi ina tsoma hannu a ruwa ƙanƙara na zuba, yatsuna suka tsattsage har ba na iya ɓalle maɓallin riga. Ladan aikin kuwa hannunsa yake shiga, in na yi magana ya ce ana tara mini ne. Kullum yana yi mini nasiha. "Ƙanena, ka guji baƙaƙen ƙasar nan, musamman samarinsu. Ba su san na gaba ba, ba su da tarbiyya, kowanne da bindiga a ƙugu." Na haɗiye maganar nan ba tare da na tauna ba, don ta yi mini daɗi. Mutum yana wanke motar wani, yana so a nuna masa wanda ya fi.

Daga baya na gano akwai wani yana aiki da sunana da takarduna a wata unguwa. Na yi wa Ɗanlami tijara irin wadda ban san na iya ba, ya watso mini takardun tare da jakata, ya rufe ƙofa. Amma kafin ranar nan na riga na ɗauki hoto sanye da kwat, a gaban wani dogon bene na gilashi, na dafa motar da ban san mai ita ba, na aika gida da wasiƙa cewa na samu aikin ofis.

Wani mutumin Mali da muke wanki tare ya ce mini ɗan'uwansa na da shagon nama a Shikago, yana neman mai taimako. Na hau bas, tafiyar kusan yini da kwana, ba wanda ya ce mini ko sannu. A hanya na ga gonaki shimfiɗe har iyakar ganin ido, ba mutum ko ɗaya a ciki, na kawar da kai. Da na isa na tarar da shagon a garƙame, maƙwabci ya ce ai an daɗe da tashi. Na tsaya a bakin titi da jaka a hannu, ba abin da ya faɗo mini a rai sai ƙarar dakan Inna da hantsi, da duwatsun Tsafe yadda suke yin shuɗi in hadari ya taso. Ban yi kuka ba, amma saura kaɗan.

Na tambayi masallaci aka nuna mini. Limamin baƙin Ba'amurke ne, cikin mutanen da Ɗanlami ya ce in guda. Ya bar ni na kwana uku a ɗakin karatu, ranar ta huɗu ya rubuta adireshi a takarda ya ce, "Je ka wurin wannan matar. Ba Musulma ba ce, amma ban san wanda ya fi ta riƙon ɗan mutane a unguwar nan ba."

Mama Loreta tsohuwar ma'aikaciyar jinya ce da ta yi ritaya, gajera, mai kauri, da murya kamar ta mai kiran kasuwa. Ita da wasu dattawan unguwa suka kafa ƙungiya ta sa kai, ba ta neman riba, suka samu wani tsohon gida suka gyara. Yaran unguwa, daga 'yan shekara goma har zuwa samari, in an tashi makaranta nan suke zuwa. A ba su abinci, a zauna da su kan aikin makaranta, a nema wa manyan aikin hutu. In an kama yaro, ita ce za ka gani a kotu da jakarta a cinya. A gefen gidan akwai fili inda wani gida ya taɓa ƙonewa, suka kwashe tarkacen suka mayar da shi lambu.

Na same ta a madafa tana juya tukunya. Ta karanta takardar liman, ta dube ni sama da ƙasa, ta ce, "Ka ci abinci?"

Rabona da abincin kirki kwana biyu. Amma ɗan Hausa ne ni, na ce, "Na gode, a ƙoshe nake." Na gyara zama ina jiran ta sake tayi, in sake ƙi, ta matsa, sannan in karɓa da mutuncina.

Ta ce, "To," ta rufe tukunya.

Wallahi sai da na ji kamar in mari kaina. Muka ci gaba da magana cikina yana ƙugi har tana ji. Can ta tashi ta zubo wake da shinkafa da naman talotalo, ta dire a gabana. "Babu alade a ciki. Ka saurara, ɗana, a gidan nan sau ɗaya ake tambaya. Abin da ka ce shi za a ɗauka."

Na kai loma ɗaya na tsaya. Jan wake ne ƙanana, irin wanda Inna ke shukawa a tsakanin gero. Ta ga na tsaya, idonta ya yi haske. Ta ce irin gidansu ne, kakarta ta taho da shi daga kudu a ƙullin zane, kuma a danginsu ana cewa tun daga kakannin da aka kawo bayi a jirgin ruwa yake bin su. Yanzu ba wanda ya rage da shi sai ita. "An ce daga wajenku ya fito. Ka san noma?"

Tambaya ɗaya, kuma ta riga ta gaya mini ƙa'idar gidan. Na ajiye cokali, na gyara wuyan kwat, na ce, "A'a, Mama. Ni ɗan birni ne. Mahaifina babban ma'aikacin gwamnati ne, ni kuma akawu. Ban taɓa riƙe fartanya ba."

Ta ɗan dubi hannuna. Ta ba ni ɗaki a ƙasan gidan kusa da tukunyar da ke ɗumama ginin, ta ce in riƙa shara, in kuma riƙe rijistar yara tunda akawu ne ni. Da haka na ci abincinta na farko, da ƙarya a bakina.

Yaran suka sa mini suna Farfesa, saboda kwat da biron da ba ya barin aljihuna. Wanda ya raɗa sunan shi ne Dariyus, ɗan shekara sha bakwai, dogo, kansa a kitse kamar na mace, wando yana neman zamewa. Bai daɗe da fitowa daga gidan kangararrun yara ba. Duk abin da Ɗanlami ya zana mini, ga shi a tsaye. In ya gifta ni sai hannuna ya tafi aljihu. Rannan ya tsaya ya ce, "Farfesa, kwantar da hankalinka. Ba abin da ke cikin aljihun nan da nake so." Yara suka fashe da dariya, ni kuwa na rasa inda zan sa fuskata.

Shi ɗin dai ne ya koya mini hawa jirgin ƙasa na cikin gari. Shi ya tsawata wa masu kwaikwayon Turancina. Da ya ga takalmina ya buɗe baki, ya kawo mini na yayansa, ya ajiye a ƙofar ɗakina ya tafi. Na sa takalmin, na kuma ci gaba da ganin na fi shi. Girman kai rawanin tsiya, in ji masu magana, ni kuwa nawa har da kunnuwa biyu.

Mama Loreta tana da wata hanya ta riƙe yara. Duk wanda ya shigo sai ta damƙa masa wani abu ya tsare, wani mabuɗin ɗakin littattafai, wani tukwanen madafa. Takan ce yaron da ba a taɓa ba shi amana ba, ba shi da yadda zai san yana da ita. A damina ta 1998, ranar da aka shuka waken kakarta, ta kira Dariyus a gaban kowa ta rataya masa mabuɗin kabad ɗin da ake ajiye iri. Ta ce, "Bana kai ne mai iri. Daga hannun kakata zuwa na uwata, zuwa nawa, zuwa naka." Wasu dattawan ƙungiyar ba su so ba. Yaron ya riƙe mabuɗin nan yana kallonsa, ya ce, "Mama, ni duk abin da aka ba ni lalacewa yake yi." Ta ce, "Wannan ba zai lalace ba."

Duk daminar nan ina zaune a inuwa da rijista, ina kallon su suna fama da wata fartanya mai doguwar ƙota wadda ake noma da ita a tsaye. Suna shuka a cunkushe, suna ban ruwa da tsakar rana, suna cire wake su bar ciyawa. Tafin hannuna har ƙaiƙayi yake yi. Amma ƙasar mai kyau ce, waken kuma mai haƙuri, ya yi yaɗo ya zuba 'ya'ya duk da haka.

Baba yana da wata al'ada da ba ya wasa da ita. Kafin kowa ya taɓa gona, shi zai shiga da ƙwarya ya bi layi layi, ya zaɓi kwanson da ya fi tsawo da cika, wanda ya bushe a jikin uwarsa. Yakan ce, "Iri ba shi zama saura. Shi aka hwara hiddawa, kana a ci." A shanya a kan rufin ɗaki, a ɓare, ya ɗauki ƙwaya ɗaya ya ciza. In ta ce ƙas, ta bushe. In haƙori ya nutse, a mayar rana. Sannan a cuɗe da toka a zuba a tulu a liƙe. Tun ina ɗan shekara bakwai nake bin sa da ƙwaryar nan.

Wata safiya bayan na yi sallar asuba, gari ya waye ba kowa, na shiga lambun wai in sha iska. Ban ankara ba sai na ga aljihun kwat ɗina ya cika. Hannuna ya yi aikinsa bai shawarce ni ba. Na sauka ɗakina da sauri kamar ɓarawo, don ɓarawon ne, ba wanda ya ba ni izini. Na shanya kwanson a kan bututun ɗumi, bayan kwanaki na ɓare, na ciza ya ce ƙas. Na ɗebo toka a murhun da suke gasa nama, na cuɗe, na zuba a gwangwanin madara na tura ƙarƙashin gado. Bai fi cikin tafi biyu ba.

Ana cikin haka aka kwantar da Mama Loreta a asibiti, za a yi mata aiki a ƙugu. Yara suka ci gaba da tsinkar wake, a dafa, a raba wa tsofaffin unguwa, mai kyau duk ya tafi ciki, aka bar na ƙarshe wai shi ne iri. Sai ruwa ya sauko kwana biyu a jere, aka kuma ce sanyi mai kashe shuka yana tafe. Daga gadon asibiti ta bugo waya ta ce a cire abin da ya rage kada a yi asara. Suka cire shi da laima, suka baje a teburin cin abinci suna ɓara suna waƙa.

Na zo wucewa na ɗauki ƙwaya ɗaya na kai baki. Haƙorina ya nutse kamar a dafaffiyar gyaɗa.

Dariyus ya ɗago. "Mene ne, Farfesa?"

Amsar ba ta fi kalma biyar ba. A shanya shi mako guda. Amma in na faɗa zai ce ina na sani, daga nan sai 'Yandoto, sai Baba da ƙafarsa mai faso, sai ɗan ƙauye ya biyo ni har Shikago. Na ce, "Ba komai. Ɗanɗanawa na yi."

"Ɗanye? Kai, mutanen ofis!" Aka yi dariya.

Ya juye waken a kwalbar Mama, ya murɗa murfi iya ƙarfinsa, ya sa a baƙar leda, ya naɗe da salatif ta ko'ina don kada iska ko ƙwaro su shiga. Yana yi yana cije leɓe, ban taɓa ganin ya yi wani abu da kula irin haka ba. Ya miƙo mini almakashi ya ce in riƙe masa, na riƙe. Ya sa kwalbar a kabad ya kulle, ya mayar da mabuɗin cikin riga. Na san abin da zai faru a cikin kwalbar nan kamar yadda na san sunan ubana.

Na ce gobe zan samu dabarar gaya masa. Gobe ta zama jibi. Ƙanƙara ta rufe lambun, Mama ta dawo da sanda, aka yi azumi, yaran nan da ba Musulmi ba suna ajiye mini abincina har magariba. Kullum in na wuce kabad ɗin nan sai in sauya hanya. Ina lallashin kaina cewa ai ba ni na zuba ba, ba ni na rufe ba. Na manta da karin maganar nan, na shiga ban ɗauka ba ba ta fid da ɓarawo.

Ranar buɗe iri, cikin watan Mayu na 1999, aka taru kamar ranar suna. Dariyus ya yi aski, ya sa farar riga. Ya yanke salatif, ya murɗe murfi. Warin ne ya fara isa. Waken ya zama dunƙule ɗaya baƙi, fumfuna ta lulluɓe shi, ko ƙwaya ɗaya ba ta tsira ba.

Mama Loreta ta daɗe tana kallon kwalbar, sannan ta ce a hankali, "Waken nan ya yi doguwar tafiya." Ta miƙa hannu za ta dafa yaron. "Ba laifinka ba ne, ni na ce ku cire."

Ya janye jikinsa. Ya ciro mabuɗin daga wuya ya ajiye a kan tebur. "Na gaya miki," in ji shi. Ya fita, bai ko buga ƙofar ba.

Bai dawo ba. Aka ce an gan shi a kwanar shagon giya tare da tsofaffin abokansa, waɗanda suka kai shi inda ya fito. Kullum da la'asar Mama takan ɗauki sandarta ta ja ƙafa har kwanar nan, ta tsaya ta yi masa magana, ya juya mata baya, ta dawo. Ni kuwa ina kwana a kan gwangwanin madara. Kwana biyar na yi haka, kuma cikin duk abin da na aikata a ƙasar nan ba abin da ya fi waɗannan kwana biyar ɗin ci mini rai. In na fito da shi na zama maƙaryaci, na zama ɓarawo, na zama wanda ya gani ya yi shiru, wataƙila ma in rasa ɗakin. Lissafin da nake yi ke nan, yaro yana bakin rami.

Ranar ta biyar Mama ta dawo ta kasa hawa matakala, ta zauna a ta farko tana haki. Na kawo mata ruwa. Ta ce 'yan sanda sun kwashe biyu daga cikin samarin kwanar jiya, saura ƙiris da shi. Ta ɗago ta dube ni. "Lawali, kai mai ilimi ne. In kai ne, me za ka ce masa?"

Na sauka ƙasa na jawo gwangwanin, na kawo na durƙusa a gabanta na buɗe. Ta tsoma yatsu a tokar, ta ɗago jan wake a tafinta, tsaf kamar ranar da aka ɓare shi. Ta ce, "Kakata ma da toka take yi. Na manta." Na fara ba ta labari, kaina a ƙasa, tun daga 'Yandoto. Ta bar ni na kai ƙarshe, sannan ta mayar da murfin ta tura mini.

"Ba ni za ka kai wa ba."

Ban taɓa yin tafiya mai nisan wadda na yi daga matakalar nan zuwa kwanar shagon ba, kuma ba ta fi taku ɗari uku ba. Samari shida ne a tsaye, irin waɗanda nake tsallaka titi in na hango. Na ratsa su da gwangwanin madara a hannu, na tsaya gaban Dariyus na buɗe. Na ce masa ni ɗan manomi ne, jikan manomi, ban da wani uba a gwamnati. Na ce wannan waken Mama ne, na tsinka a ɓoye tun kafin ruwa.

Ya kalli waken, ya kalle ni.

"Ranar nan da ka ciza," in ji shi.

Na ce, "E."

"Ka sani."

"Na sani."

"Ka riƙe mini almakashi."

Abokansa suna kallonmu, ba su san kan zancen ba. Dariyus ya ce, ba tare da ya ɗaga murya ba, "Ni an kira ni ɓarawo, an rufe ni, kuma na yi abin da aka ce na yi. Amma ban taɓa ganin mutum zai faɗa rami na tsaya ina kallo ba." Ya karɓi gwangwanin da hannu biyu, ya rufe, ya rungume shi a ƙirji ya wuce ni ya nufi gidan. Na biyo shi a baya da takalmin yayansa a ƙafata.

Washegari Mama ta tara kowa a lambu. Ta mayar wa Dariyus mabuɗinsa. Sannan ta sa aka miƙo mini fartanyar nan mai doguwar ƙota, ta ce, "A gidan nan sau ɗaya ake tambaya. Yau zan karya dokata. Lawali, ka san noma?"

Yara wajen talatin suna kallona. Na ce, "Na sani, Mama. A cikinsa aka haife ni." Na tuɓe kwat na rataye a shinge, na cire takalmi, na sa aka yanke mini ƙotar ta dawo daidai hannu, na duƙa. Wata ƙaramar yarinya ta ce, "Kai, Farfesa ya iya!" Ba wanda ya yi dariyar da na gudo tun daga Gusau don kada in ji. Da na san haka abin yake da sauƙi, da ban kai yaron mutane bakin halaka ba.

Daminar nan na koya musu abin da Baba ya koya mini, tazarar rami, ƙwaya nawa ake jefawa, lokacin ban ruwa, yadda ake gane ciyawa tun tana ƙarama. Dariyus ya fi kowa kamawa. Yana tambaya ina amsawa, amma iyakarmu ke nan. Bai sake kirana Farfesa ba, sai Mista Lawali, da ladabi, irin ladabin da ake yi wa baƙo. Na yi kewar tsokanar nan fiye da yadda zan iya faɗa. Da kaka ta yi, shi ya fara shiga lambun da kwano kafin kowa ya taɓa, ya zaɓi kwanso, ya shanya, ya ɓare. Ya ɗauki ƙwaya ya ciza a gaban ƙanana, ta ce ƙas, ya miƙa musu su ma su gwada. Bai dubi inda nake ba, kuma ban ga laifinsa ba.

A makon nan na ari rikoda na yi wa Baba kaset, don shi ba ya karatun boko. Na ce masa hoton nan ƙarya ne, motar ba tawa ba ce, ba ni da ofis. Na ce noma nake yi da wasu yara baƙaƙe 'yan'uwanmu, a ƙarƙashin wata tsohuwa mai kirki, kuma jan wake muke shukawa irin na Inna. Na faɗa masa komai, ban da abu ɗaya.

Amsa ta iso bayan wata uku, ta hannun wani mutumin Gusau da ya je gida ya dawo. Na kunna. Ga zakara yana cara, ga dakan Inna daga nesa, sai Baba ya yi gyaran murya.

"Lawali, mun ji saƙonka, kowa lahiya lau. Kai kuwa mi na abin ɓoyo ga noma? Hoton ga da ma ban gane ka ba cikinai. Ka gaishe min da tsohuwar ga, Allah shi saka mata. Yaran ga kau sun yi sa'a da sunka same ka. Na hwaɗa ma uwarka, in dai Lawali na wurin, ba a aje ɗanyen iri shina kallo. Ni na koya mishi, na san abin da na haihwa."

Baba ya rasu da wannan zaton, ban gyara masa ba. Kaset ɗin yana nan a akwatina. Nakan kunna in ji zakaran da dakan Inna da gaisuwarsa, amma in ya kawo kan "na hwaɗa ma uwarka" sai in kashe.